NOMAN GANYE BA TARE DA ƘASA BA: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

GABATARWA

An rubuta wannan ɗan littafi domin Hakimai, da Dagatai, da malaman da ke riƙe musu alƙalami, gama su ne idon jama'a, su ne kuwa a ke fara tambaya in wani baƙon abu ya shigo ƙasa. Abin da za a yi bayani a nan wata dabara ce ta shuka ganyen miya da kayan lambu cikin ruwa, ko cikin ɓuntu da tsakuwa, ba tare da an taɓa ƙasar gona ba. Za a nuna yadda a ke yinta, da amfanin da makarantu da gidaje za su iya samu, da kuma inda ba ta da amfani, don kada wani ya zo da daɗin baki ya sa talakawa su zuba kuɗinsu a banza.

An ɗauki garin Darki na ƙasar Wudil an yi misali da shi, amma abin da aka faɗa game da shi ya shafi kowane gari irinsa, kamar Utai, da Indabo, da Lajawa, da Achika, har da sauran garuruwan Jihar Kano.

1. ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Kowa ya san Darki gari ne na noma da kasuwa. Ran kasuwa fatake su kan zo daga nesa su ɗora hatsi da kayan miya a mota su wuce da su. Kogin Wudil kuwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ya zama abin dogara ga masu noman rani da ke bakinsa. Saboda haka mai karatu zai iya cewa, me ƙasa irin wannan za ta yi da shuka cikin bokiti?

Amsar tana cikin abu uku. Na fari, ba kowa ke da fadama ba. Wanda gidansa ke kan tudu, da matan da ke cikin kulle, da gwauruwa mai marayu, da makarantar da filinta fako ne, duk sai sun saya kafin su ga ɗanyen ganye a tukunya. Na biyu, kayan lambu suna da lokacin araha da lokacin tsada. Da hunturu tumatir ya kan yi yawa har ya ruɓe a kwando, amma daga bazara zuwa tsakiyar damina sai ya gagari talaka, a koma kan kauɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Na uku, noman fadama kansa yana da nasa haɗari. A 2016 wata tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuma, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya yi wa ƙananan manoma nauyi.

Wanda wannan rashi ya fi cuta shi ne yaro. Tuwo ya kan cika ciki, amma jiki yana bukatar abubuwan da ke cikin ɗanyen ganye. Rashinsu na cikin abin da ke kawo dundumi, da ƙarancin jini, da yawan laulayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, watau ƙasa kaɗan da rabin kilo. Yaron da ba shi da isasshen jini ba ya iya tsayar da hankalinsa ga karatu, ko da malaminsa gwani ne.

2. YADDA SHUKA KE CI

Mutane da yawa suna zaton shuka ƙasa ta ke ci. Ba haka ba ne. Ƙasa tana yi wa shuka aiki uku: ta riƙe saiwarta don kada ta faɗi, ta ajiye mata ruwa da iska, sa'an nan ta ba ta waɗansu sinadarai masu kama da gishiri, waɗanda sai sun narke a ruwa tukuna saiwa ke iya tsotsarsu. Sauran abincinta shuka da kanta ta ke haɗawa a cikin ganye, daga hasken rana da iska da ruwa.

Manya daga cikin sinadaran nan shida ne. Akwai naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, da fosfaras mai ƙarfafa saiwa da fure, da fotashiyam mai taimakon 'ya'ya. Waɗannan uku su ne ke cikin takin kamfa da kowane manomi ya sani. Sauran ukun su ne kalsiyam, da maganiziyam, da farar wuta. Bayan su akwai ƙanana, kamar sinadarin ƙarfe, waɗanda kaɗan a ke bukata ƙwarai, amma in babu su sai shuka ta yi rawaya ta tsumbure.

To, in mutum ya narka waɗannan duka a ruwa bisa ma'auni, ya samo abin da zai tallafi shukar, ya bar wa saiwa hanyar shan iska, ya gama yi mata aikin da ƙasa ke yi. Wannan shi ne dukan asirin. Turawa suna ce da wannan dabara haidirofonik, daga kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar ruwa da aiki. A nan za a riƙa ce da ita noma ba ƙasa.

3. ASALIN DABARAR

Ba jiya aka fara ta ba. Wajen 1860 waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Sachs da Knop, suka nuna ana iya renon shuka har ta girma cikin ruwan da aka narka sinadarai kaɗai. Shekaru da dama abin bai wuce ɗakin bincike ba, sai a 1929 wani malami na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, mai suna Gericke, ya ce za a iya noman abinci da ita. A 1937 aka raɗa mata sunan da a ke kiranta da shi yanzu. A 1938 waɗansu malamai biyu na jami'ar nan, Hoagland da Arnon, suka buga ma'aunin haɗa ruwan taki wanda har yau a ke aiki da shi. Su ne kuma suka ja kunnen jama'a, suka ce in ƙasa mai kyau ce, an kuma kula da ita, amfaninta ba ya kasa na ruwa. Wannan gargaɗi yana nan da ƙarfinsa.

A 1945 sojan Amurka suka yi noman ganye cikin tsakuwa a tsibirin Asenshan, wanda ke tsakiyar Tekun Atilantika, inda dutse ya fi ƙasa yawa. A shekarun 1960 wani masani a Ingila, Allen Cooper, ya fito da hanyar gudanar da ruwa kaɗan kaɗan cikin bututu a ƙarƙashin saiwa.

Abin da ya fi kusa da halinmu shi ne na birnin Dakar a ƙasar Sinigal. A 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da gwamnatin ƙasar, suka fara koya wa mutane shuka a kan ƙananan tebura a tsakar gida da kan soro, da ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa a maimakon ƙasa. Mata ne suka fi karɓar abin. Daga 2016 kuma Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta taimaki 'yan gudun hijira na sansanonin Tinduf, a hamadar Aljeriya, suka riƙa tsirar da sha'ir a faranti suna ciyar da awaki da tumaki. A nan gida, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi da ke Ibadan ta yi amfani da wata irin wannan dabara wajen yawaita irin doya mai tsabta, kuma akwai gonar Samson Ogbole a Jihar Ogun, inda aka horar da samari da yawa a kan noma ba ƙasa.

4. HANYOYI UKU NA YIN SA

Hanyar tebur. Wannan ita ce ta Dakar, ita ce kuwa ta fi dacewa da makarantar ƙauye. Kafinta ya haɗa akwati marar murfi, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 1, zurfinsa kamar taƙi ɗaya, ya sa masa ƙafafu har ya kai ƙugun yaro. A shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ciki, a huda gefe ɗaya kusa da ƙasa a sa ɗan bututu, a ajiye roba ƙarƙashinsa don tarar ruwan da ya tsiyaye. Sa'an nan a cika akwatin da kashi 3 na ɓawon gyaɗa da aka ɗan farfasa, da kashi 1 na ɓuntun shinkafa, da kashi 1 na marmara ko ƙananan tsakuwa. Lalle ne a jiƙa ɓawon da ɓuntun kamar kwana 10 zuwa mako 2, ana sake ruwa, har tsaminsu ya fita, kana a yi shuka. Kowace safiya a yayyafa ruwan taki da gwangwanin da aka huhhuda, in rana ta yi zafi a ƙara ruwa zalla da la'asar. Ranar ɗaya a mako a ba da ruwa zalla mai yawa don ya wanke gishirin da ya taru. Ruwan da ya tsiyaye cikin roba a mayar da shi washegari. Ɓawon gyaɗa da ɓuntu ba su da wuyar samu a ƙasar Wudil, sau da yawa ma zubar da su a ke yi a bakin inji.

Hanyar bokiti. A sami bokiti ko jarka mai duhu wadda haske ba ya ratsawa, a cika da ruwan taki, a huda murfin, a sa dashe cikin ɗan kofin roba mai huji, an tallafe shi da soso ko ɓuntu, yadda gindin kofin zai taɓa ruwa. Yayin da shuka ke sha ruwan na raguwa, saiwa na bin sa ƙasa, sashenta na sama kuwa yana shan iskar da ke tsakanin murfi da ruwa. Wani malami na Jami'ar Hawayi, Kratky, shi ya shahara da wannan hanya. Ba ta bukatar famfo ko lantarki. Kan latas ɗaya ya kan sha kamar lita 4 daga dashe zuwa cira. Ga abin da za a kiyaye: in ruwa ya ragu ana so a ƙara, kada a cika shi har baki, gama in saiwar iska ta nutse shukar za ta shaƙe ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Hanyar bututu. A jera manyan bututun roba a kan karkata kaɗan, a huhhuda bayansu a sa dashe, ƙaramin famfo yana tura ruwan taki daga tanki yana bi ta ciki yana komawa. Ita ce ta fi kyaun gani, ita ce kuma masu sayar da kaya suka fi son nunawa. Amma in famfo ya tsaya da tsakar rana a watan Afirilu, sa'o'i kaɗan sun isa saiwa ta bushe. Kada makaranta ta fara da ita sai tana da farantin hasken rana da batir, da wanda ya iya gyara a kusa.

5. ƊAKI KO RUMFA?

A ƙasashen sanyi, kamar arewacin Amurka da Ingila, makarantu su kan yi wannan noma a cikin aji, a rataya fitilun lantarki a kan shuka su riƙa ci sa'a 12 zuwa 16 kowace rana, gama rana ba ta isarsu da hunturu, waje kuwa ƙanƙara ce. Halinmu dabam ya ke. Allah ya hore mana rana kyauta, lantarki ne ba shi da tabbas. Wanda ya rufe shuka a ɗaki a Darki, sa'an nan ya sayi haske da kuɗi, ya bar abin da ya ke da shi ya nemi abin da ba shi da shi.

Abin da ya dace da mu shi ne rumfa. A kafa ta inda rana ke samu aƙalla sa'a 6, an fi son ranar safe. A rufe samanta da baƙar raga mai rage zafi, ko asabari, ko zana mai ɗan shara-shara. In da hali a kewaye gefunanta da raga mai ƙananan idanu, a yi ƙofa mai rufuwa sosai, don hana fara da farin ƙuda da malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar tumatir. Da damina a sa farar leda a sama don kada ruwan sama ya wanke takin. Barandar aji mai fuskantar gabas ita ma ta isa a jera bokitai. Kada a kafa rumfa ƙarƙashin babban itace, ko kusa da masai, ko inda awaki ke ratsawa.

Aiki biyu kaɗai suka dace da cikin ɗaki: renon iri na kwanakin farko kusa da taga, da tsirar da ciyawar dabbobi, wadda za a yi bayaninta a gaba.

6. RUWA DA TAKI

Ruwan da mutum zai sha ba da ƙyama ba, shi a ke so. Ruwan sama da aka tara ya fi kowane. Ruwan rijiyar burtsatse yana yi, muddin ba shi da zartsi. Ruwan kududdufi da na kwata ba su dace ba ko kaɗan, gama latas ɗanye a ke cinsa, kuma ta nan ciwon ciki da zazzaɓin taifot ke shiga.

Taki shi ne wurin da mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe. Kamfa da yuriya da sufa an yi su domin ƙasa ne. Kamfa ba ya narkewa duka, ba shi kuma da dukan sinadaran da aka lissafa. Yuriya kuwa sai ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sun juya ta kafin shuka ta more ta sosai, in an zuba ta cikin ruwa zalla tana iya ƙona saiwa. Abin da a ke bukata shi ne taki na musamman mai narkewa sarai, wanda a kan sayar kashi biyu. Kashi ɗaya yana ɗauke da kalsiyam, ɗayan yana ɗauke da fosfaras da farar wuta da sauransu. A narka kowane cikin jarkarsa dabam, a rubuta suna a jiki. Kada a gauraya su suna da kauri, gama za su daskare su zama farin gari a gindin jarka, shuka ba ta samu ba. Sai an cika durom da ruwa, kana a auna na fari a zuba a motsa, a auna na biyu a zuba a motsa. A bi ma'aunin da ke rubuce a jikin buhu daidai. Ƙari ba alheri ba ne a nan.

Akwai kuma ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, wanda a ke gwadawa da wata 'yar takarda mai sake launi. Shuka ta fi son ruwa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin lamba 5.5 da 6.5. In ruwa ya karkata wajen kanwa, sinadarin ƙarfe ba ya shiga saiwa, sai a ga sabon ganye yana fitowa fari-fari ko da taki na nan cike.

7. ABIN DA ZA A SHUKA

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a shuka latas, da kabeji, da albasa mai lawashi, da tumatir. Da bazara latas ya kan yi ɗaci ya miƙe ya yi fure, saboda haka a koma kan alayyafo, da rama, da lalo, da yakuwa, da na'ana'a, waɗanda suka saba da zafinmu. Tumatir da attarugu da tattasai da kokwamba suna yi, amma suna son mazubi mai zurfi, da taki mai yawa, da igiyar hawa. A bar su sai hannu ya faɗa.

Bisa lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona, tebur ɗaya mai mita 1 kowane gefe, in an kula da shi, yana iya ba da kan latas 36 kowane kwana 60, ko kabeji 10 kowane kwana 90, ko albasa 100 kowane kwana 120, ko tumatir kilo 30 a shekara, ruwan da ya ke sha kuwa bai kai lita 3 a rana ba. To, a ce makaranta tana da tebur 20. Ruwansu a rana lita 60 ke nan, watau jarka 3, ko da ya ke da bazara sai an ƙara. In duk latas aka shuka, a wata 2 za a ciri kai 720. Masu farawa kada su sa ran samun haka a zagayen farko, amma wannan ya isa ya nuna girman abin.

Ya kuma nuna iyakarsa. Ganye a ke samu, ganye kuwa mahaɗi ne. Gero da dawa da masara da wake da shinkafa wurinsu gona, kuma duk wanda ya ce zai ciyar da gari da bututu, a tambaye shi lissafinsa a rubuce.

8. CIYAWAR DABBOBI

Wudil ta shahara da kasuwar shanu ta ran Juma'a, kuma gidaje da yawa a ƙasar suna kiwon turke. Daga Maris zuwa Yuni harawa da dusa su kan yi tsada. A irin wannan lokaci ana iya jiƙa masara ko alkama ko sha'ir kwana ɗaya, a baza a faranti mai huji, a jera a kanta cikin ɗaki mai iska da ɗan haske, a riƙa yayyafa ruwa zalla sau 3 ko 4 a rana. Cikin kwana 7 ko 8 sai ya zama kamar tabarma kore, dabba ta cinye har saiwa. Kilo 1 na iri ya kan ba da kamar kilo 5 zuwa 7 na ɗanyar ciyawa.

Sai dai a san abu uku. Yawancin nauyin nan ruwa ne, saboda haka ƙari ce a kan harawa, ba ta maye gurbinta. In farantin ya yi fumfuna ko ya yi wari, a zubar, kada a ba dabba. Na uku shi ne mafi girma: kada a yi wannan da dawa. Tsiron dawa yana da dafi mai kashe dabba, kamar yadda makiyaya suka sani game da gyauron dawa. Haka kuma kada a yi amfani da irin shuka da aka turara da magani.

9. ABUBUWAN DA KE ƁATA AIKIN

Zafi. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa ta kan ragu, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe. Lafiyayyar saiwa fara ce. A naɗe bokiti da buhun algarara a riƙa jiƙa shi, ko a binne rabinsa a ƙasa, a ajiye durom a inuwa.

Sauro. Ruwan da ke tsaye a buɗe gidan sauro ne. Kowane bokiti da durom ya kasance a rufe ruf. Ba daidai ba ne a nemi ganye a jawo wa yara zazzaɓin cizon sauro.

Gansakuka. In haske ya shiga ruwan taki sai ya yi kore, gansakuka ta cinye abincin shuka. Maganinta duhu.

Ƙwari. A riƙa duba bayan ganye kowace safiya. Darɓa da farin ƙuda ana iya rage su da ruwan 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu. Kada a bar yara su taɓa maganin feshi mai dafi.

Hutu. Wannan shi ya fi kashe lambun makaranta. Shuka ba ta san Asabar da Lahadi ba, ba ta san dogon hutu ba. In ba a naɗa wanda zai riƙa zuwa ba, aikin wata 3 zai lalace a mako ɗaya.

Yankewar taki. In ba a san inda za a sake sayen taki ba, da kuɗin da za a saya, kada a fara.

10. RIBAR MAKARANTA

Ribar fari ita ce miyar yara. Inda a ke dafa abinci a makaranta, kamar makarantun kwana, ko irin shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016, ganyen ya tafi madafa kai tsaye. Inda ba a dafawa, a raba wa yaran da suka yi aikin su kai gida bi da bi, a sayar da saura a kasuwa a sayi iri da taki.

Riba ta biyu ilmi ce. Yaron da ya auna lita da giram da hannunsa, ya rubuta tsawon shuka kowane mako, ya ga yadda ganye ke yin rawaya in an hana shi sinadari ɗaya, ya fahimci lissafi da kimiyya fiye da wanda ya haddace su daga allo. Gani ya kori ji. Yana da kyau a yi ɗan fangali na ƙasa kusa da tebur, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, yara su gwada su gani da kansu wanne ya fi, da nawa kowane ya ci. Makarantun Islamiyya da na allo su ma suna iya yi.

Riba ta uku ta gidaje ce. Yarinyar da ta koya a makaranta za ta nuna wa uwarta. Tebur 2 ko bokiti 10 a tsakar gida sun isa su rage kuɗin cefane, mace ba ta fita ko ƙofar gida ba.

11. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MAGATAKARDA

Na ɗaya, Hakimi ya kira Dagatai, da shugabannin makarantu, da malamin gona na ƙaramar hukuma, da wakilan iyayen yara, da wakiliyar mata, a karanta musu wannan bayani.

Na biyu, a zaɓi makaranta ɗaya tak mai ruwa a kusa, da katanga ko shinge, da malamin da ke sha'awar abin don kansa. A fara da tebur 4 ko 5 da bokitai kaɗan, a farkon hunturu.

Na uku, a nemi shawarar masana kafin a kashe ko kwabo. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil da sashenta na aikin gona. Akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero ta Kano, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. A roƙe su su gwada ruwan rijiyar, su kuma duba takin da za a saya.

Na huɗu, magatakarda ya buɗe littafi mai gida shida: ranar shuka, da abin da aka shuka, da kuɗin da aka kashe, da ruwan da aka zuba, da nauyin abin da aka cira, da inda ya tafi. Kuɗin ciniki ya kasance hannun mutum biyu, a karanta lissafi gaban kwamiti ƙarshen kowane zangon karatu.

Na biyar, in wani kamfani ko ƙungiya suka zo da kyautar kaya, a karɓe su da mutunci, sa'an nan a tambaye su: wa zai koya wa malamai, ina za a sami taki bayan na kyauta ya ƙare, nawa ne kuɗinsa, wa zai gyara in ya lalace? A rubuta amsarsu a ajiye.

Na shida, bayan shekara guda a zauna a duba littafi. In kuɗin da aka kashe a kan kilo ɗaya na ganye ya fi na kasuwar Darki nesa ba kusa ba, kuma makarantar tana da ƙasa mai kyau da ruwa isasshe, to, a koma lambun ƙasa ba tare da jin kunya ba. In kuwa lissafi ya fita, a ƙara tebura, a kai wa makaranta ta biyu.

KAMMALAWA

Noma ba ƙasa dabara ce ta inda fili ya yi ƙaranci, ko ƙasa ta mutu, ko ruwa ya yi wuya. A irin waɗannan wurare tana iya sa ɗanyen ganye a kwanon yaro a watannin da ba ya samu. Nasararta tana wuyan mutumin da zai duba ta kowace safiya, da shugaban da zai riƙa tambayar lissafinta. Ana fata Hakimai za su sa ido a kan wannan al'amari kamar yadda suka saba sa ido a kan duk abin da ya shafi lafiyar talakawansu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki Hakimai, ya ba mu damina mai albarka, amin.